Kafin ka sayi sabuwar taya, koyi inda za ka ajiye idonka

Ranar da na fara shiga gasar otokuros a jihar Ohayo ta Amurka, da taƙama na je. Ina ganin wanda ya shekara yana kutsawa tsakanin 'yan adaidaita sahu a bakin Kasuwar Sabon Gari ta Kano, wa zai koya masa tuƙi? Wata dattijuwa mai furfura, da Mazda Miata irin tawa sak, ta ba ni ratar daƙiƙa takwas a zagayen da bai fi minti ɗaya ba. Jikina ya yi sanyi.

Ga wanda bai san wasan ba: fili ake samu mai faɗi, wurin ajiye motoci ko tsohon filin jirgi, a zana hanya da 'yan robobin nan masu tsini ruwan lemo da ake kira kon. Mota ɗaya ke shiga a lokaci guda, da agogo kake takara. Ƙungiyar masu wasan tseren motoci ta Amurka, SCCA, wadda aka kafa a 1944, ita ke shirya mafi yawansu, kuma duk watan Satumba ake babbar gasarta a Linkon ta jihar Nebaraska. Ka ture kon ɗaya, a ƙara maka daƙiƙa 2. Ka tsallake ƙofa, wato ratar da ake bi tsakanin kon biyu, zagayen ya tashi a banza.

Da sassafe za a ba ku dama ku taka hanyar da ƙafa. Kada ka ɓata wannan lokacin da hira. Ni sau uku nake zagawa, na ƙarshe ni kaɗai. Kon ya kai ɗari, amma biyar ko shida ne ke yanke hukunci, wato na cikin duk kwanar da doguwar miƙa ke biyo bayanta. Su nake haddacewa, in rufe ido in bi hanyar a zuciyata kafin in sa hular kwano.

Abin da dattijuwar nan ta gyara mini da ta zauna a gefena, ido ne. Ta ce, "Kon ɗin da ke gaban hancin motarka ya riga ya wuce, dubi na uku." Gaskiyarta. Inda ido ya kafe, nan hannu ke kai sitiyari. Ka zura wa kon ido don tsoron kada ka buge shi, shi za ka buge. A kwana mai tsanani har ta gilashin gefe ake leƙa mafita. Da farko za ka ji kamar ka saki hanya, amma bayan zagaye biyu sai ka ga komai ya rage sauri a idonka, alhali motar ƙara gudu ta yi. A jerin kon da ake saƙawa tsakaninsu hagu da dama, fara juyawa da wuri, ka yi kamar tayar baya ce za ta shafi bayan kowane kon. Ka makara a na farko, na huɗu sai ka biya bashin.

Sai birki. Sababbi kan faɗa kwana da gudu, gaban mota ya ƙi juyawa, tayoyi na ihu, su kuma su ƙara murɗa sitiyari. Tayar da ke ihu ta riga ta ba da duk abin da take da shi. Sassauta totur, warware sitiyarin kaɗan, za ta kama ƙasa. Gara ka taka birki da ƙarfi tun motar na miƙe, ka shiga a hankali, ka fita da wuta.

Matso da kujera har wuyan hannunka ya hau saman sitiyari ba tare da kafaɗarka ta bar jingina ba. Iskar taya kuwa, alli ya ishe ka: ja layi a kafaɗar tayar, ka duba bayan zagaye. In allin ya goge har gefe, tayar na kwanciya, ƙara iska. Abu ɗaya za ka canza a kowane zagaye, ka rubuta.

Ranar hawa babbar da'irar tsere, irin ta Mid-Ohio da ke jihar Ohayo, lissafin daban ne, don gudun ya ninka kuma kusan minti 20 kuke yi a jere. Zuba sabon man birki mai lambar DOT 4, duba kaurin takalman birki, ka kuma tambayi kamfanin inshorarka, domin yawancinsu ba sa biyan abin da ya faru a can. Malami zai zauna a gefenka; ji maganarsa. Ba a wuce mota sai na gaba ya nuna da hannu ta taga, kuma ka san inda masu ɗaga tutar gargaɗi ke tsaye tun zagayen farko. In tayoyi biyu suka sauka kan ciyawa, kada ka fizgo sitiyari: cire ƙafa daga totur, miƙe, ka dawo a hankali. Da ka fito ka faka, bar motar a giya, kada ka ja birkin hannu, faifan birkin yana da zafin da takalman za su manne masa.