Yadda za ka gane wiski da ire-irenta kafin ka kai baki

Jama'a yanzu kaya sun yi yawa gari. Wani ya dawo Dubai da tsarabar cakulan, wani ɗiyarshi na karatu Ingila ta aiko kwali, ga kayan da ke shigowa ta Illela da rubutun Faransanci, ga manyan shagunan nan da sunka cika kanta da biskit da miyar kwalba iri-iri. To cikin kayan ga akwai masu wiski ciki, akwai kuma waɗanda suna ne kawai yay yi kama amma babu ko ɗigo, kuma mu nan Sakkwato duka biyun muna faɗawa, wani ya ci abin da bai kamata ba cikin rashin sani, wani kuma ya zubar da halaliyar tsarabarshi don ya ga wata kalma ta ba shi tsoro. Ba sha muke ba, amma in ka san yadda ake yinta da sunayen da take zuwa da su, karanta kwali ba zai ƙara ba ka wahala ba.

Wiski dai asalinta hatsi ne. Sha'ir, masara, alkama, ko wani dangin alkama da ake ce ma rye. A Skotlan inda taf fi suna, sha'ir ake jiƙawa kwana 2 zuwa 3, a hanyar gargajiya a baza shi ƙasa ana juyawa da shebur har ya fara tsiro, wajen kwana 5, sannan a busar da shi da zafi don tsiron ya tsaya. Duk macen da tat taɓa yin kunun zaki da tsiron shinkafa ko na dawa ta san wanga aiki, tsiron ne ke narkar da sitacin hatsi ya koma suga, shi yas sa kunun ke tsinkewa ya yi zaƙi tun ba a sa mai suga ba. Wanga busasshen tsiro shi ne malt, kuma har nan babu barasa ko kaɗan, abinci ne tsaf. Shi ne cikin Milo da Ovaltine da Horlicks, shi ne cikin Maltina da muke rabawa wurin suna da walima. Don haka ganin malt kawai jikin gwangwani ba laifi ba ne, abin da ke biye da shi za ka duba.

Daga nan sai a niƙe tsiron a zuba mai ruwan zafi wajen digiri 65, a tace ruwan zaƙin, a bar shi ya huce, sai a zuba yis. Nan ne labari ke canzawa. Yis ya cinye sugan yana kumfa kwana 2 zuwa 4, abin ya koma giya mai ƙarfin kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Masu burkutu nan suke tsayawa. Masu wiski kuwa sai su ɗura giyar cikin wata ƙatuwar tukunyar jan ƙarfe mai dogon wuya su hura mata wuta, da yake alkohol na tafasa tun digiri 78 shi ko ruwa sai 100, tururin da ke fara tashi duk ƙarfin na cikinshi, ya bi ta bututu a sanyaya shi ya ɗigo. Sau biyu ake yi a Skotlan galibi, abin da ke fitowa ya kai kusan kashi 70. Farkon ɗigowar ware shi suke yi don akwai dattin sinadarai ciki har da methanol, ita ce mai makantarwa mai kisa, kuma ita ce tak kashe mutane a jihohin Ondo da Ribas a 2015 bayan sun sha ogogoro.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, ranar da wiski taf fito tukunya fara ce tas, ba ta da wannan launin na ruwan shayi. Gangar katako ce ke rina ta, katakon wani icce da ake ce ma oak. Dokar Skotlan ta ce sai ta kwana ganga aƙalla shekara 3 kafin a kira ta Scotch, kuma ba a sa ta kwalba ƙasa da kashi 40. Kowace shekara wajen kashi 2 na tsere ma ganga ya bi iska. Lambar nan da kake gani ƙatuwa jikin kwalba, 12 ko 15 ko 18, shekarun ganga ne, kuma na wadda taf fi ƙuruciya cikin haɗin ake rubutawa. Sun daɗe da sana'ar ƙwarai, takardun baitulmalin sarkin Skotlan na 1494 sun ambaci malt da anka ba wani malamin coci don ya yi wagga barasa.

To ire-irenta. Scotch ta kasu gida-gida amma biyu za ka fi cin karo da su. Single malt, wato tsiron sha'ir zalla daga masana'anta guda, irin su Glenfiddich da Macallan da Glenlivet. Don Allah a riƙe wannan da kyau, ka ga single malt jikin kwalba a filin jirgi cikin kwali mai kyau, ba yayan Maltina ba ne, barasa ce mai ƙarfin gaske. Sai blended, wato haɗin wiski na masana'antu da yawa, nan su Johnnie Walker mai hoton mutum yana tafiya da sanda suke, da Chivas Regal da Ballantine's. Akwai kuma na tsibirin Islay irin su Laphroaig, su da wata baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓen ciyayi suke busar da tsiron, sai hayaƙin ya kama shi, wari gare ta na ƙonanne da na asibiti a haɗe.

Ta Ayalan galibi sau uku ake turara ta, Jameson da Bushmills su ne sanannu. Ni a ganina ta Ayalan ce taf fi haɗari gare mu, ba don ƙarfinta ba, don yadda take ɓuya. Baileys wiski ce anka haɗa da kirim ɗin madara da ɗanɗanon koko, a kofi sai ka rantse madarar cakulan ce, alhali kashi 17 ne ƙarfinta, kuma ana sa ta cikin cakulan da ayis kirim da kek. Irish coffee ma da za ka gani jerin abin sha na otal tsakanin sauran kofi kamar ba komi, kofi ne da suga da kirim da wiski. Duk inda kag ga Irish cream ko Irish coffee, ka tsallake.

Amurka kuma masara ce. Bourbon, dokarsu ta ce aƙalla kashi 51 na hatsin ya zama masara, kuma ganga sabuwa fil wadda anka babbake cikinta da wuta, mafi yawanta jihar Kentucky ake yi, Jim Beam da Maker's Mark. Jack Daniel's mai baƙar takarda daga Tennessee take, kusan hanya ɗaya sai dai ita ana tace ta cikin gawayi kafin ganga. Wannan sunan ka haddace shi don yana yawo jikin miyar gashin nama da cakulan da alewa. Su Amurkawa proof suke rubutawa, ninkin kashi ne, 80 proof na nufin kashi 40. Kanada na da tata kamar Crown Royal, Japan ma ta shiga tun 1923 da Suntory ya buɗe masana'antar Yamazaki, masu arha da yawa na Indiya kuwa daga baƙin ruwan rake ake yin akasarinsu.

Yanzu aikin hannu. Ka ɗauki kwalin ka juya bayanshi, kada ka tsaya ga hoton gaba. Fara neman lamba da alamar kashi kusa da vol ko alc ko ABV, in akwai to magana ta ƙare. In babu sai ka bi jerin kayan haɗi da yatsa layi-layi, wiski a rubuce whisky ko whiskey ce, duka ɗaya, Skotlan da Kanada da Japan na rubuta ta farko, Ayalan da akasarin Amurka ta biyu. Ka nemi su alcohol, liqueur, rum, brandy, wine. Kayan da sunka biyo ta Konni da Faransanci alcool za ka gani, sans alcool kuma na nufin babu. Cakulan ɗin da anka yi da siffar 'yan ƙananan kwalabe an naɗe su da takarda mai ƙyalli, waɗannan ko karantawa ba ka buƙata, barasa ce ruwa cikin cikinsu, kuma yara ba abin da ke jan idonsu irin su. Firjin ɗakin otal ma in ka sauka Abuja ko Legas ko waje, 'yan kwalaben nan na mil 50 ba turare ba ne.

Sai waɗanda ake zalunta banza. Bourbon biskit mai cakulan tsakiya ba ruwanshi da wiski, sunan gidan sarautar Faransa ne. Bourbon vanilla tsohon sunan wani tsibiri ne inda ake noma ta. Butterscotch man shanu ne da suga. Scotch egg dafaffen ƙwai ne cikin niƙaƙƙen nama, shi abin tambaya gare shi naman mine ne, Scotch bonnet kuwa wallahi attaruhu ne, wanda ake auna maka Kasuwar Daji. Cocoa liquor ko chocolate liquor jikin cakulan niƙaƙƙen koko ne zalla, amma fa liqueur mai e da u a ƙarshe ita barasa ce, harafi kaɗan ne tsakani don haka a buɗe ido.

Akwai maganar da masu girki ke yi wai ai in an dafa ta tana ƙonewa duka. Ba haka ba ne. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna abincin da anka zuba ma barasa anka kunna mai wuta a kasko wajen kashi 75 na nan, in ya yi minti 15 yana dahuwa saura kashi 40, sai ya kai awa biyu da rabi kafin ya sauko kashi 5. Mu kuma hadisi ya riga ya ce abin da mai yawansa ke bugarwa kaɗan ɗinsa ma haram ne. Saboda haka in kana gidan abinci waje ka ga nama da whiskey sauce ko bourbon glaze, ka tambayi mai kawo abincin kai tsaye ko an sa barasa, sun saba da tambayar, ba wanda zai kalle ka.

Iyaye da masu shago a lura da 'yan ledoji da ƙananan robobi ma, wasu an rubuta whisky jikinsu ƙarara wasu sun fake da sunan maganin gargajiya ko bitas, kuɗinsu kaɗan kuma suna shiga aljihun ɗan makaranta, shi yas sa NAFDAC tas sanar da hana barasar leda da ta kwalaben da ba su kai mil 200 ba a 2024. Maganar da taf fi damun mata masu yin kek kuwa ta ruwan vanilla ce, na asali da ake kawowa daga Amurka dokarsu ta ce sai ya ƙunshi alkohol kashi 35, ba wiski ba ce amma alkohol ne dai. Hukuncin ɗan cokalin da ake sawa cikin kwaɓi wannan na malamai ne, ki tambayi naki, in kuma kina son hutawa da zancen gaba ɗaya akwai vanilla ta gari da wadda anka rubuta alcohol free wurin masu kayan kek, ita ma dai ki juya bayan robar ki karanta.