Yadda zaka fahimci cibiyar binciken King Faisal kafin ka nemi horo

Yan uwa dalibai dake Saudiyya, kafin ka tura takarda fara da sanin tarihin wajen. Cibiyar tana hade ne da asibitin kwararru na King Faisal. An bude asibitin a Riyad a 1975, a 2021 kuma umarnin sarki ya maida shi cibiya mai zaman kanta wadda ba ta neman riba, yanzu akwai reshe a Jidda da Madina. Sai ka shiga shafinsu ka duba sassan bincike, cutar kansa ce ko kwayoyin gado ko dashen gabobi, ka zabi daya tak, ka karanta abinda masanan sashen suka wallafa kwanan nan, wallahi wannan yafi dogon CV amfani, sannan ka rubutawa shugaban dakin gwajin kai tsaye a takaice.