Yadda za ka ɗauki hoton duwatsun hamada kalarsu ta fito yadda idonka ya gani

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban jan dutse a hamada da kyamara a hannu ya san takaicin nan. Idonka na ganin dutse jawur kamar garwashi, ka danna, ka duba allo, sai ka tarar da wani abu koɗaɗɗe kamar tsohon zanen da rana ta cinye. Kyamarar lafiyarta ƙalau fa, wayo ne ya yi mata yawa. Da ta ga ja ya cika ko'ina sai ta ɗauka hasken wurin ne ke da matsala, ta zuba shuɗi don ta gyara, shikenan ta kashe maka kalar da ka sha tafiya dominta.

Toh abu na farko, cire ta daga AWB, wato saitin da take zaɓar farin launi da kanta, ma'ana ita ke yanke abin da za ta ɗauka fari a hasken wurin. Maida ta kan alamar rana, wadda ke wajen 5200 zuwa 5500 a ma'aunin Kelbin da ake auna launin haske da shi, ka bar ta nan. Alamar gajimare tana kusan 6000, ta inuwa kuma kusan 7000, kuma duk sanda lambar ta hau hoton ƙara ja yake yi. Mutane da yawa suna son ta inuwar saboda tana sa dutse ya yi ruwan goro sosai, ni kam ban cika so ba, don sama ma sai ta yi datti-datti kamar an watsa mata ƙura. Idan kana son ka tabbatar, samu katin nan mai ruwan toka na masu hoto, wanda ke maido kashi 18 cikin 100 na haske, ka jingina shi jikin dutsen a cikin hasken da kake aiki da shi ka ɗauke shi sau ɗaya, in ka zo gyara a kwamfuta shi zai nuna maka inda gaskiya take. Amma kar ka yi aiki da shi lokacin faɗuwar rana, zai wanke jan da ranar ta bayar tas.

Yana da kyau ka san daga ina kalar take fitowa, don hakan zai hana ka wuce gona da iri wajen gyara. Jan nan tsatsa ce, sinadarin ƙarfe ne da ya lulluɓe ƙwayoyin yashin da suka dunƙule suka zama dutse. In ka matsa kusa ka sa hannu za ka ga ba ja ɗaya ba ne, akwai layi mai ruwan ƙasa, akwai mai ɗorawa, wani wurin har fari-fari, sannan ga wasu baƙaƙen zirin da suka gangaro daga sama kamar an kwarara mai, wannan wata siririyar fata ce ta laka da manganis da ƙarfe da ke ɗaukar dubban shekaru kafin ta taru. Haka za ka gani a Ennedi ta ƙasar Chadi, da Tassili a Aljeriya, da Wadi Rum a Jodan. Hoto mai kyau shi ne wanda aka ga waɗannan layukan daban-daban, ba dutse ya zama dunƙulen ja guda ba.

Sai maganar lokaci, kuma wallahi ita ce rabin aikin. Da tsakar rana hasken daga ka yake saukowa, dutse ya baje ba tudu ba kwari, inuwa ta yi baƙi ƙirin, ba saitin da zai cece ka. Ka isa wurin tun da asuba ka kafa kyamara kafin rana ta leƙo, ko ka jira la'asar sakaliya, lokacin hasken na zuwa ta gefe, kowace tsaga da kowane ɗan rami sai ya fito. Kuma in rana ta faɗi kar ka yi saurin tattara kaya, akwai wasu 'yan mintuna da sama ke haska dutsen da wani laushin haske mai ja-ja, ba inuwa ko kaɗan, a ganina babu lokacin da ya kai shi fito da asalin kalar dutse. Inda tsakar rana ke da amfani shi ne cikin matsattsen kwazazzabo irin Antilof na jihar Arizona a Amurka, rana ta daki bango ɗaya hasken ya dawo kan ɗaya bangon, sai ka ga kamar an kunna wuta a cikin dutsen. A nan ka ɗauki bangon da ke inuwa, ka cire sama da inda rana ke duka kai tsaye daga cikin hoton.

Yanzu ga inda aka fi yin asara ba a sani ba. Kyamara da launi uku take aiki, ja da kore da shuɗi, kuma a gaban jan dutse da yamma jan ne ke fara cika ya tumbatsa alhali sauran biyun ba su kai ko'ina ba. Da ya tumbatsa, zanen jikin dutsen ya tafi kenan, sai wani shafaffen ruwan lemo kamar fenti. Kunna histogiram mai launi uku, wato jadawalin da ke nuna yawan hasken kowane launi a allo, ka sa ido kan jan, in ya je ya manne da gefen dama na jadawalin rage haske da -0.3 ko -0.7 ka sake ɗauka. In kuma farin yashi ne ya fi yawa a hoton abin juyawa yake, kyamara za ta dusashe shi, sai ka ɗan ƙara.

Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, in dai kyamararka ko wayarka na da shi, a waya yawanci yana cikin sashen Pro. JPEG, hoton da aka saba da shi, matakin haske 256 kawai yake riƙewa a kowane launi, RAW mai bit 14 kuwa 16,384, kuma za ka iya canja farin launi daga baya hoton bai lalace ba. Sa ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a 100, buɗin gilashin kyamara a f/8 zuwa f/11, kyamara kan sanda mai ƙafa uku, shikenan.

Gilashin folaraiza, wanda ake ɗaurawa a gaban gilashin kyamara, yana taimakawa sosai, yana kashe ƙyallin da ke kan baƙar fatar nan, kalar da ke ƙasa ta fito. Ya fi aiki in rana na gefen kafaɗarka, ba gabanka ko bayanka ba. Juya shi a hankali, kar ka kai shi ƙarshe, musamman da gilashin kyamara mai ɗaukar fili mai faɗi, don sama za ta yi dabbare-dabbare, rabi shuɗi mai duhu rabi fari. Kuma don Allah kar ka canja gilashin kyamara iska na kaɗawa, yashi in ya shiga ciki kowane hoto sai ka ga ɗigo-ɗigo a samansa.

Wajen gyara a manhaja irin Lightroom ko Darktable ko Snapseed, fara da farin launi, sannan haske, kala ce ta ƙarshe. Kar ka ja maɓallin ƙara kala gaba ɗaya, shiga inda ake taɓa kowane launi shi kaɗai, ka ɗan rage hasken ruwan goro, za ka ga dutsen ya yi nauyi ya cika ido ba tare da ka ƙara masa komai ba. Inuwa za ta fito da ɗan shuɗi-shuɗi, saboda sama ce ke haska ta, ka rage kaɗan in ya yi yawa amma kar ka goge shi duka, haka wurin yake, kuma shi ke sa jan ya tashi. Kafin ka fara, kashe saitin kare ido na dare da ke sa allo ya yi ɗorawa, da wanda ke ƙara wa allon waya ƙyalli, in ba haka ba kalar allonka za ka yi ta gyarawa. In ka gama ajiye hoton minti goma ka kalli wani abu daban ka dawo, ido saurin sabawa da ja yake yi. Sannan ka fitar da shi a tsarin launi na sRGB in intanet za ka ɗora, don wasu manhajojin ba sa karanta tsarin Adobe RGB daidai, sai jan ya koɗe a wayar mai kallo.