Masu sayarwa a eBay da Etsy daga Amurka, ku lura da harajin ciniki

Jama'a, tun bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2018 a shari'ar South Dakota da kamfanin Wayfair, jihohi suka ɗora wa kasuwannin intanet nauyin karɓar harajin ciniki. In ka sayar da turare ko atamfa a eBay, Etsy ko Amazon, su ke ƙara harajin a kan mai saye gwargwadon adireshinsa, su kuma miƙa wa jiha. Kada ka sake ƙara shi a farashinka.

Inda ake asara shi ne lissafin riba. eBay na cire kasonsa ne daga jimillar kuɗin da mai saye ya biya, har da kuɗin aikawa da harajin. Kayan dala 100 da harajin dala 8, a kan dala 108 za a yanke maka, alhali dala 8 ɗin ba ta shigo aljihunka ba. Ka sa wannan a lissafi kafin ka yanka farashi, musamman a kayan da ribarsu ba ta taka kara ta karya ba.

Cinikin da ka yi ta WhatsApp, Instagram ko shafinka na kanka kuwa, babu mai karɓa maka. In jiharka na karɓar harajin ciniki, kai za ka yi rajista, ka karɓa, ka biya. In kana da rajista, ka riƙa cike takardar haraji a kan lokaci ko da babu abin biya, don wasu jihohi na cin tara.

Harajin kuɗin shiga daban ne, yana nan a wuyanka.