Masu shagon kayan gini a bakin iyaka, a kula da siminti da sefa

'Yan uwa 'yan kasuwar Maigatari, Jibiya da Illela, damina ta matso, siminti kuma ba ya shiri da danshi. Kada a jibge buhu kai tsaye a kan daɓe. A jera katako ya ɗaga kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, a shimfiɗa leda, a bar tazara tsakaninsa da bango, don bango ma yana tsattsafo da ruwa. Jeri kada ya wuce buhu 10, na ƙasa ne ke dunƙulewa saboda nauyi. Wanda ya fara shiga sito shi zai fara fita, domin bayan wata 3 ƙarfinsa ya soma raguwa. In ka murza ƙullutu ya ƙi marmashewa, ruwa ya riga ya taɓa shi, kada ka sayar wa mai zuba dakin, wato rufin kankare.

Kwano kuwa, bandir ɗin da ruwa ya shiga tsakaninsa farin tsatsa yake yi. A jingine shi a karkace cikin rumfa.

Sai abokan cinikinmu na Nijar. In an biya ka da sefa, ka tambayi farashin 'yan canji a ranar kafin ka yanke kuɗi. Bashi kuma a rubuta shi da kuɗin da za ka saro kaya da shi, wato naira.