Yadda Ake Tsara Fayilolin Murya a Na'urar Amsa Kiran Waya

Duk sabon shigan da na gani yana haɗa na'urar nan mai cewa "danna ɗaya don Hausa, danna biyu don Turanci", hankalinsa na kan tsarin maɓallai ne kawai. Fayilolin muryar sai ya zuba su yadda ya ga dama, kuma daga nan matsala take tasowa. Magana ta a kan Asterisk da FreePBX ce, manhajojin da ake haɗa wannan na'ura da su, don da su na fi aiki a ofisoshin Abuja, kuma ba a sayen su. Na ɗauka ka riga ka girka su.

Fara da ɗaukar murya. Kada ka yarda oga ya turo maka gaisuwar ta WhatsApp. Manhajar tana matse sauti, layin waya ya ƙara matse shi, sai mai kira ya ji kamar daga cikin rijiya ake magana. Ba sai ka kashe kuɗi a situdiyo ba: ɗaki mai labule da darduma ya wadatar, a kashe fanka, a jira janaretan maƙwabta ya yi shiru. A Wuse, safiyar Lahadi ce ta fi. Mutum ɗaya ya karanta duk saƙonnin harshe ɗaya, a zama ɗaya.

Sai ka mayar da sautin yadda layin waya yake so: WAV, 8000 Hz, bit 16, mono (wato hanyar sauti ɗaya). Wayar hannu takan ɗauka a 44,100 ko 48,000 Hz, kuma Asterisk ba zai kunna wannan a haka ba. Manhajar gyaran sauti ta Audacity tana yin aikin, amma ni sox na fi so, wadda ake rubuta wa umarni, layi ɗaya an gama:

sox asali.wav -r 8000 -c 1 -b 16 maraba.wav

Wajen sa suna, ƙananan baƙaƙe kawai, ba tazara, ba ƙ, ɗ ko ɓ. A Linux, Maraba daban, maraba daban. Suna ya faɗi aikin fayil: maraba, lokacin-aiki, hutun-sallah. Na sha tarar da "sabo2" da "sabo-na-karshe" a sabar mutane, ba wanda ya san wanne ke aiki. Fayilolin suna zama a /var/lib/asterisk/sounds, kowane harshe da foldarsa, en ta Turanci, ha ta Hausa, kuma sunan fayil ya zama iri ɗaya a duka biyun. In babu na Hausa, na'urar kan koma kan na Turanci ba tare da ta sanar da kai ba, sai dattijon da ya danna ɗaya ya ji an juya masa harshe a tsakiyar kira.

Yanzu ga inda na taɓa ƙonewa, kuma nan nake so ka natsu. Asterisk ba ya kiran fayil da cikakken sunansa. Kai za ka rubuta maraba kawai, shi kuma ya leƙa folda ya ga maraba.wav, maraba.gsm, maraba.alaw, kowanne da nasa tsarin sauti, ya ɗauki wanda ya fi dacewa da layin da kiran ya shigo, don ya rage wa kansa wahalar juya sauti. Layukanmu na nan galibi da alaw suke aiki, irin na Turai, Amurka kuwa ulaw.

Wata shekara na sa wa wani kamfanin aika kaya a Utako saƙon hutun Babbar Sallah. Bayan hutu na ɗora gaisuwar da aka saba a kan maraba.wav, na gwada daga wayar teburin ofis, na ji daidai, na kama gabana. Bayan kwana biyar manajan ya kira ni, muryarsa ba daɗi: "Malam, kwastomomi na cewa wai har yanzu a rufe muke." Ashe akwai maraba.alaw mai ɗauke da saƙon hutun, ban taɓa shi ba. Wayar ofis da wani tsarin sauti take aiki, sai ta samu sabon, masu kira daga waje kuwa tsohon suke ji, su kashe waya su nemi wani kamfanin. Cinikin da suka rasa a kwanakin nan har yau yana damuna.

Don haka kafin ka canza kowane saƙo, shiga foldar, rubuta ls maraba.* ka ga duk masu wannan suna. Kwashe su gaba ɗaya zuwa wata folda ta ajiya da ke wajen sounds, ka sa mata kwanan wata, sannan ka ɗora sabon. Saƙon hutu kuma ka ba shi sunansa daban, ka riƙa sauya shi daga tsarin kira, kada ka danne gaisuwar yau da kullum da shi.

Sauran ba wuya. In ta root (babban asusun Linux) ka kwafi fayil, mayar da mallakarsa ga asusun asterisk da umarnin chown, in ba haka ba mai kira na iya jin shiru. Ajiye asalin muryar da ba a rage ba a filas ko Google Drive, tare da rubutun abin da aka karanta. Gwaji kuwa daga waje ake yin sa: fita bakin titi, kira da layin MTN, ka sake da na Airtel, ka danna kowane maɓalli a kowane harshe har ƙarshe.