Yadda Za a Sassauta Tsufan Jijiyoyin Jini

A cikin kowace jijiyar jini akwai siririyar shimfiɗa ta ƙwayoyin halitta, kuma su ne ke sakin iskar naitirik okisaid wadda ke umartar tsokar bangon jijiya ta saki domin jini ya wuce cikin sauƙi. Gano wannan saƙo ne ya sa aka ba masana kimiyya Furchgott da Ignarro da Murad kyautar Nobel a 1998. Tun a 1961 Leonard Hayflick ya nuna cewa ƙwayar jikin ɗan Adam takan daina rabuwa bayan kusan sau 50. Wadda ta tsufa haka ba lallai ta mutu ba, sai ta zauna tana fitar da sinadaran kumburi irin su IL-6, tana lalata maƙwabtanta kamar ruɓaɓɓen tumatir a kwando, har saƙon sakin tsoka ya yi rauni, jijiya ta taurare.

Ba a hana tsufa, amma ana rage masa gudu, kuma awon hawan jini ne matakin farko, domin matsin jini yana gajiyar da shimfiɗar nan ba tare da mutum ya ji ciwo ba. A zauna minti 5 kafin awo, a jingina baya, a ajiye tafin ƙafa a ƙasa, a ɗora hannu bisa tebur daidai da ƙirji, kuma kada a yi magana. Idan awon ya kai 140/90 a ranaku daban-daban, a ɗauki katin inshorar lafiya a nufi asibiti mafi kusa, shi zai tura mutum babban asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi idan da bukata. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya ajiye shi don ya ji sauƙi.

Sai tafiyar ƙafa, wadda a ganina mutanenmu na Kumasi sun fi raina ta. Gudun jini a kan shimfiɗar ne ke sa ta ƙara fitar da naitirik okisaid. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 a mako, saboda haka dattijon Aboabo ko Asawase da zai yi rabin awa yana sassarfa bayan Asuba, kwana 5 a mako, ya cika ƙa'ida.

Gishiri kada ya kai giram 5 a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da dunƙulen magi da miyar yaji ta shito da busasshen kifi mai gishiri na koobi, wanda ya kamata a jiƙa a zubar da ruwansa kafin ya shiga miyar ayoyo. A bar taba da shisha, mai ciwon sukari kuma ya riƙa awo a kai a kai, domin hayaƙi da yawan sukari suna tsufar da ƙwayoyin tun lokacinsu bai yi ba.

Magungunan da ke kashe tsofaffin ƙwayoyi, irin su haɗin dasatinib da kwasetin, har yanzu gwaji ake yi musu, dasatinib kuwa maganin kansar jini ne mai illa. Duk mai talla a kasuwar Kejetia da ya ce kwalbarsa tana sabunta jijiya, kada a ba shi ko sidi ɗaya.